Buhun Taki da Ƙarfin Ƙasa: Siyasar Noma a Yankin Wudil

Gonakin Ɗankaza, da na maƙwabtanta Utai da Darki, ana noma su shekara da shekaru ba hutu, kuma ƙasar ba ta mutu ba. Abin da ya riƙe ta sananne ne: takin dabbobi da ake kaiwa gona da rani, haɗa gero da dawa da wake, da gawon da ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana.

Manufofin gwamnati kuwa sun daɗe suna zagaye buhun takin zamani. A 2012 shirin GES, zamanin minista Akinwumi Adesina, ya riƙa aika wa manoma saƙon waya su karɓi taki da rangwame. A 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Anchor Borrowers a Kebbi, aka fifita shinkafa, kuma bashi mai yawa bai dawo ba. Dalilin wannan karkata ga buhun taki a fili yake. Buhu ana raba shi a bainar jama'a, shugabannin mazaɓa su samu kasonsu kafin zaɓe. Farfaɗo da ƙasa kuwa yakan wuce wa'adin gwamna, wanda ya fara ba shi za a yaba wa ba.

Janye tallafin fetur a Mayun 2023, da faɗuwar naira, sun sauya lissafi. Taki ya yi tsada, injin ban-ruwa a bakin kogin Wudil ya fara cinye riba. Masu hali suka koma sola, wasu suka koma takin gida. Sai dai komawar dole ce, kuma tana ciwo: takin dabbobi shi ma ya zama haja, talakan da ya sayar da awakinsa da karansa ba shi da abin zubawa.

Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, ya zo jihohin Arewa 19 da Abuja domin gyaran ƙasa. A ganina Maraɗi ya kamata a duba. Can manoma suka riƙa renon tsiron itatuwa a gonakinsu, har kusan hekta miliyan 5 suka farfaɗo a Nijar, kuma abin ya bunƙasa ne da manomi ya tabbata itacen nasa ne. A nan, mai noma gonar haya ko jingina ba zai zuba takin da zai amfani shekara uku ba alhali bai san ko baɗi gonar tana hannunsa ba.