Wake ko Nama: Me Ya Kamata Mai Juna Biyu Ta Sani?

Uwargida, wataƙila kin ji ana cewa yawan cin nama yana ƙara ɗumamar yanayi. Maganar tana da tushe. A shekarar 2013, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kiwon dabbobi ne ke haifar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da mutane ke jawowa mai ƙara wa duniya zafi. Shanu ne kan gaba, domin saniya tana gyatsar wata iska mai riƙe zafin rana. Kafin a samu kilo ɗaya na naman shanu, ana cin ruwa kimanin lita 15,000, akasarinsa ruwan saman da ya shayar da abincinta. Wake kuwa wajen lita 4,000 ne, ga shi saiwarsa tana ƙara wa gona ƙarfi, harawarsa kuma ta ciyar da dabbobi.

To amma kiran a rage nama an yi shi ne domin masu cinsa safe da dare, ba domin ki ba. Da yawa daga cikin masu zuwa awo ƙarancin jini ke damunsu, kuma shi ne ke sa zubar jini wajen haihuwa ya zama babban haɗari. Sinadarin ƙarin jini da ke cikin nama da kifi ya fi na wake saurin shiga jiki. Bitamin B12 kuma, wanda ƙwaƙwalwar jariri ke buƙata, daga nama, kifi, ƙwai da nono ake samunsa.

Saboda haka ki riƙe wake, gyaɗa, awara da zogale a matsayin abincin kullum, ki riƙa haɗawa da ƙwai, kifi ko kaza, waɗanda ba su kai shanu ɗora wa muhalli nauyi ba. Ki sha lemo ko ki ci gwaiba tare da abincin, shayi kuwa a bar shi sai bayan awa ɗaya ko biyu. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ki wajen awo, kada ki fasa shan su.

Maigida, in nama ya shigo gida, a fara cire na mai ciki. Wake kuma a jiƙa shi tun da dare. Zai nuna da wuri, itace ya yi auki, hayaƙin da take shaƙa a madafa ya ragu.