Gawa ɗaya, jawabi biyu: yadda Antoni ya ƙwace taro daga hannun Burutus

A Makarfi, Ikara ko Kudan ba a yin jawabi a kan gawa. Salla ake yi, a kai mamaci makwanci, a yi addu'a a watse. Maganar sai a zaman makoki take fitowa, musamman idan mamacin ɗan siyasa ne: kowane ɓangare ya zo da tawagarsa, a yi ta'aziyya a gaban wayoyi, kafin la'asar bidiyon ya cika Facebook. Masu zaɓe kuwa suna auna wanda ya fi nuna mamacin nasa ne.

Wannan kokawa ita ce zuciyar wasan kwaikwayon Julius Caesar da Shakespeare ya rubuta wajen 1599, kan kisan shugaban Rum a ranar 15 ga Maris, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Julius Nyerere na Tanzaniya ya fassara shi zuwa Swahili a 1963.

Burutus, jigon maƙarƙashiyar, shi ya fara hawa mumbari. Jawabinsa gajere ne, hujja bayan hujja: yana ƙaunar Kaisar, amma ya fi ƙaunar Rum, kuma burin mutumin zai mayar da 'ya'ya bayi. Jama'a suka yi masa shewa. Mutanen Kaduna sun taɓa jin irin wannan salo a ranar 15 ga Janairu, 1966, lokacin da Manjo Nzeogwu ya shiga rediyo yana jera laifukan 'yan siyasa, sa'o'i bayan kashe Sardauna.

Sai Burutus ya tafka wautar da Kasiyas ya gargaɗe shi a kanta. Ya ba Antoni, aminin mamacin, izinin magana bisa sharaɗin kada ya zargi makasan, sannan ya yi tafiyarsa ya bar masa taro da gawa.

Antoni ya bi sharaɗin a baki. Ya yi ta yabon Burutus da mutunci, amma duk yabo ɗaya sai ya jingina masa wani abu da ke ƙaryata shi: dukiyar yaƙi da Kaisar ya zuba a baitulmali, hawayen da ya yi wa talakawa, kambin sarauta da ya ƙi karɓa har sau uku. Kafin a ankara yabon ya koma habaici, irin wanda duk mai zuwa biki ya sani, ba a ambaci laifinka ba amma kowa kai yake kallo.

Daga nan ya ɗaga takardar wasiyya ya ce ba zai karanta ba, don kada ransu ya ɓaci. Ai kuwa sai suka dage. Ya sauko cikinsu, ya nuna rigar mamacin huda bayan huda, yana kiran sunan mai kowace wuƙa, sannan ya yaye gawar. Kuɗin ya ajiye su sai ƙarshe: dirhami 75 ga kowane ɗan birni, da lambunan Kaisar kyauta. Burutus bai nuna musu komai da za su gani da ido ba.

Taron da ya yi wa Burutus shewa ɗazu shi ya ɗauki wuta ya nufi gidajen makasan. A hanya suka tare wani mawaƙi mai suna Sinna, wanda sunansa ya zo ɗaya da na wani cikin maƙarƙatan. Ya yi ta rantsuwa cewa shi mawaƙi ne. Wani ya ce to a yayyaga shi saboda munin waƙoƙinsa, suka kuwa ja shi.