Jinyar matashi mai shaye-shaye tare da iyalinsa

Daga cikin buƙatun da ke zo wa wannan gidauniya daga Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, akwai wadda ba ta abinci ba ce, ba kuma ta kuɗin makaranta ba. Uba ne ko uwa ke neman a taimaka a kai ɗansu inda za a tsare shi, saboda ya kama shan tiramol ko tabar wiwi ko sholisho, ya bar karatu, ya fara ɗauke-ɗauke a gida. Mun ga ya dace mu bayyana wa masu ba da zakka da wakafi dalilin da ya sa muka fi karkata ga hanyar da masana ke kira jinyar iyali.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Abin da jama'a suka saba da shi kuwa shi ne gidan mari. An ga abin da ke cikin wasunsu a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Ko da ba a azabtar da yaro ba, ranar da aka sallame shi gidan da ya bari zai tarar, da abokan da ya bari.

Jinyar iyali daga nan ta faro. Ɗaya daga cikin sanannun tsare-tsarenta shi ne wanda José Szapocznik da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Miami ta Amurka tun shekarun 1970, wanda kan ɗauki zama 12 zuwa 16. Mai ba da shawara yakan tara yaron da mutanen gidansu, ya lura da yadda suke magana da juna. Sau da yawa sai a tarar uban ba ya buɗe baki ga ɗansa sai don faɗa, uwar tana rufa masa asiri tana biyan abin da ya ɗauka a ɓoye, shi kuwa ya gano ɓarakar da ke tsakaninsu yana bi ta ciki. Ba neman mai laifi ake yi ba. Ana so manya su haɗa baki kan ƙa'idoji kaɗan da za su iya tsayawa a kai, kamar lokacin dawowa gida da kuɗin da ake ba shi, su kuma koyi yaba masa idan ya cika alkawari. In ya sake sha, a koma zama, ba a kore shi ba.

Kada a ɗauka baƙon tunani ne. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, kowane tare da ɗan'uwan da ke kula da shi.

Sai dai a yankinmu dole a faɗaɗa ma'anar iyali. Hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa gidaje, an kashe wasu iyaye maza, wasu sun tafi ci-rani, iyalai da dama na gudun hijira a ɗaki guda cikin gari. Wanda yaro ke jin nauyinsa yana iya zama baffa ko kawu ko kaka, kuma a gidan mata biyu zaman da aka ware kishiyar uwa daga cikinsa da wuya ya ɗore. 'Yan mata kuwa ɓoye su ake yi don gudun kada su rasa miji, shi ya sa tasu matsalar kan daɗe ba a taɓa ta ba.

Zaman iyali ba ya maye gurbin likita. Yawan tiramol na jawo farfaɗiya, kuma wanda jikinsa ya saba da shi yakan galabaita idan ya daina farat ɗaya. Irin wannan sai an kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Abin da ke kayar da talaka a nan shi ne kuɗin motar mutum biyu ko uku, zuwa da dawowa, sau da dama, a kan hanyar da ba kullum take biyuwa ba. Wannan ɗawainiyar ce muke roƙon masu bayarwa su sa cikin lissafinsu na shekara mai zuwa.