TSIMIN RANAR TSUFA A AMURKA: Tattara tsofaffin asusu da neman la'ada mai araha

A ƙasar Amurka ba kasafai ma'aikaci yake tsufa a wurin da ya fara aiki ba. Hukumar ƙidayar ƙwadago ta ƙasar ta bi sawun waɗanda aka haifa tsakanin 1957 da 1964, ta samu cewa in an daidaita, kowanensu ya riƙa ayyuka wajen 12 a rayuwarsa. A wurare da yawa da mutum ya zauna, yakan bar asusu a baya, mai ɗauke da kuɗin da aka riƙa yanka daga albashinsa domin ranar da ƙarfi zai ƙare. In bai kula ba, wani asusun ya manta da shi, wani kuma la'adar masu riƙonsa ta yi ta cinsa a hankali kamar yadda gara ke cin rumbu.

Yau za mu bayyana wa masu karatu asalin wannan tsari, da abin da ma'aikaci ke yi da tsofaffin asusunsa, da dalilin da ya sa miliyoyin mutane a can suka koma zuba tsiminsu cikin wani irin asusu mai araha da ake kira asusun bin ma'auni. Duk inda muka ce dala, dalar Amurka muke nufi, ba dalar tamma biyar ta kasuwanninmu ba.

ASALIN AL'AMARIN

A watan Disamba na 1963 kamfanin ƙera motoci na Studebaker ya rufe masana'antarsa ta garin South Bend, cikin jihar Indiyana. Da aka buɗe asusun fanshon ma'aikata sai aka tarar kuɗin ciki ba su kai alkawarin da aka ɗaukar musu ba. Waɗanda suka kai shekara 60 sun samu haƙƙinsu cikakke, amma wajen mutum dubu 4 ba su samu ba sai kimanin 15 bisa ɗari na abin da suke jira, wasu kuma kusan dubu 3 suka tashi hannu wofi.

Wannan abu ya girgiza ƙasar. Bayan shekaru ana muhawara, a ranar 2 ga Satumba 1974 shugaba Gerald Ford ya sa hannu kan dokar kare fanshon ma'aikata, wadda ake kira ERISA. Ita ce ta kafa asusun da mutum ke buɗe wa kansa da kansa, mai suna IRA. A 1978 kuma majalisa ta ƙara wani sashe cikin dokar lanho, mai lamba 401(k). Wani mai ba kamfanoni shawara, Ted Benna, ya lura cewa da wannan sashe ana iya yanke wani abu daga albashi a ajiye tun kafin a cire lanho. Daga farkon shekarun 1980 tsarin ya fara yaɗuwa, har lambar sashen ta zama sunan asusun.

YADDA 401(k) KE AIKI

A nan gida, ma'aikacin kamfani ya saba da hukumar CNSS: ana yanka, ana zubawa, in lokaci ya yi hukuma ta lissafa masa fansho. Amurka ma tana da irin wannan fansho na gwamnati tun 1935, amma bai cika isar mutum ba. Asusun 401(k) ƙari ne a kansa, kuma bambancinsa babba ne: babu wanda ya yi wa ma'aikaci alkawarin adadin da zai samu. Abin da ya zuba, da abin da kuɗin suka haifa, shi ne rabonsa. Ke nan nauyin da ke wuyan kamfani a da, ya koma wuyan ma'aikaci.

Ma'aikaci shi ke faɗin kashi nawa za a yanka daga albashinsa. A shekarar 2025 doka ta yarda wa wanda bai kai shekara 50 ba ya zuba har dala 23.500 a shekara. Kamfanoni da yawa suna ƙara nasu a bisa nasa, misali rabin dala kan kowace dala, har zuwa wani iyaka. Wannan ƙari kyauta ce, wanda ya ƙi zuba abin da zai jawo ta ya bar rabonsa a ƙasa. Sai dai a wasu wurare, sai mutum ya yi wasu shekaru a wurin aikin kafin ƙarin ya zama nasa ɗungum.

Ba a biyan lanho kan kuɗin sai ranar fiddawa. Wanda ya fidda kafin ya kai shekara 59 da rabi, ban da wasu dalilai kaɗan da doka ta keɓe, zai biya lanho, a kuma ci shi tarar 10 bisa ɗari. Tun daga 2023, in ya kai shekara 73 dole ne ya fara fiddawa kowace shekara. Akwai kuma wani iri da aka kafa a 1997, mai sunan ɗan majalisar dattawa William Roth, wanda ake biyan lanhonsa tun farko, a fidda shi lami a tsufa.

HANYOYI HUƊU GA MAI BARIN AIKI

Ranar da mutum ya bar aiki, hanyoyi huɗu ne gabansa game da asusunsa.

Ta farko, ya bar kuɗin inda suke. Wannan ba laifi in la'adar wurin ba ta da yawa. Amma in kuɗin ƙalilan ne, kamfani yana da ikon sallamar su: abin da bai kai dala 1.000 ba ana iya aiko masa da shi, abin da bai wuce dala 7.000 ba kuma, tun daga 2024, ana iya tura shi wani asusun IRA ba tare da an jira amincewarsa ba. A can sau da yawa kuɗin sukan zauna ba su haihuwar kirki, la'ada kuwa tana ci.

Ta biyu, ya mayar da su asusun sabon wurin aikinsa, in tsarin wurin ya yarda. Ta uku, ya buɗe IRA na kansa, ya tattara duk tsofaffin asusun wuri guda, inda zai zaɓi abin da za a saya masa da kansa.

Ta huɗu, ya karɓe kuɗin a hannu ya kashe. Ita ce mafi zaƙi a baki, ita ce kuma mafi asara. Mai shekara 40 da ya fidda dala dubu 10, dala dubu 1 ta tafi a tara, lanho ya ɗauki nasa, sa'an nan ya yi asarar duk abin da kuɗin za su haifa cikin shekara 20 ko fiye. Wanda ya dafa irin shukarsa a bazara ya ƙoshi kwana biyu, amma ba shi da abin faɗa in damina ta sauka.

Akwai wani tarko ga masu ƙaura da kuɗi. In aka rubuta takardar biyan da sunan ma'aikacin, tsohon asusu zai riƙe 20 bisa ɗari saboda lanho. Mai dala dubu 10 zai ga dubu 8 a hannunsa, alhali doka ta ba shi kwana 60 kawai ya zuba dubu 10 cif cikin sabon asusu. Sai ya nemo cikon dubu 2 daga aljihunsa, ya jira lokacin lissafin lanho a mayar masa. In ya kasa, abin da bai zuba ba ya zama fiddawa. Shi ya sa masana ke cewa a bar asusu ya miƙa wa asusu kai tsaye, kada kuɗin su bi ta hannun mai su.

Wanda ya ɓace wa asusunsa kuwa, sai ya fara da tsofaffin takardun albashi, ya tuntuɓi ofishin ma'aikata na tsohon wurin aikinsa. A ƙarshen 2024 ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta buɗe wani kundi a intanet domin neman asusun da aka manta. Wannan magana ta shafi ƴan ƙasarmu da ke aiki a Niyok ko Girinsboro: barin Amurka ba ya kashe asusu, kuɗin suna nan na mai su, muddin ya ajiye takardunsa, ya sanar da sabon adireshinsa, ya kuma rubuta sunan magajinsa cikin takardar asusun.

DABARAR JOHN BOGLE

To, an tattara kuɗi, me za a saya da su? A da, al'ada ita ce a ba ƙwararre, ya zaɓo hannun jarin kamfanonin da yake ganin za su fi sauran, a biya shi la'ada mai kauri. A 1974 masanin tattalin arziki Paul Samuelson ya yi rubutu yana ƙalubalantar ƙwararrun nan, domin shaida ba ta nuna suna fin kasuwa ba, ya nemi a kafa asusun da zai bi kasuwar kawai.

John Bogle, wanda kamfaninsa Vanguard ya fara aiki a 1975, shi ya amsa kiran. A watan Agusta na 1976 ya buɗe asusun bin ma'auni na farko domin talakawa. Ma'aunin da ya bi shi ne S&P 500, jerin manyan kamfanonin Amurka 500 da aka soma lissafawa a 1957. Asusun ba ya zaɓe: yana sayen ɗan rabo cikin dukansu, babba gwargwadon girmansa, ƙarami gwargwadon ƙanƙantarsa. Kamar manomin da ya shuka gero da dawa da wake da gyaɗa ne, in ɗaya ta ƙi, wata ta yi.

Bogle ya sa ran tara dala miliyon 150, bai samu ba sai miliyon 11 da ƴan kai. Ƴan kasuwa suka yi masa dariya, suka kira abin wauta. Kafin rasuwarsa a watan Janairu na 2019, Vanguard ya zama ɗaya daga cikin manyan masu riƙon kuɗin jama'a a duniya. Tsarinsa kuwa kamar na ƙungiyar gama-kai ne, masu zuba kuɗi su ne masu kamfanin ta hanyar asusunsu, don haka rarar da aka samu takan koma wajen rage la'ada.

LISSAFIN LA'ADA

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan fage dai ta yi. Mu ɗauki misali na lissafi kawai. Mutum biyu, kowane ya zuba dala dubu 10, ya bar su shekara 30, mu ƙaddara kasuwa tana haifar 7 bisa ɗari kowace shekara. Na farko yana biyan la'adar 1 bisa ɗari a shekara. Na biyu yana cikin asusun bin ma'auni, inda la'adar dala 5 ce kan kowace dala dubu 10. Bayan shekara 30 na farko zai tarar da wajen dala dubu 57, na biyu wajen dubu 75. Bambancin ya fi dala dubu 17, ya zarce uwar kuɗin da aka fara da ita. Dalili shi ne, la'ada ba sau ɗaya ake cire ta ba, kowace shekara ce, kuma duk dalar da ta tafi ta tafi da ƴaƴan da za ta haifa.

Attajirin nan na garin Omaha, Warren Buffett, ya gwada maganar a fili. Ya yi fare da kamfanin Protégé Partners cewa cikin shekara goma, daga 2008 zuwa 2017, asusun bin ma'aunin S&P 500 zai fi asusu biyar na ƙwararru da kamfanin ya zaɓo. Da wa'adi ya cika, asusun Buffett ya ƙaru da kusan 126 bisa ɗari, na ƙwararrun kuwa wajen 36 bisa ɗari in an daidaita. Kuɗin faren aka ba wata ƙungiyar taimakon yara mata ta Omaha. Rahotannin da kamfanin S&P ke fitarwa sun sha nuna irin haka: cikin shekara 15, kusan tara cikin goma na ƙwararrun da ke zaɓen manyan kamfanonin Amurka suna bayan ma'auni.

KASUWA TANA FAƊUWA

Kada mai karatu ya ɗauka babu haɗari. Asusun da ke bin kasuwa in ta hau, yana bin ta in ta sauka. Daga Oktoba 2007 zuwa Maris 2009 ma'aunin S&P 500 ya zubar da fiye da rabin darajarsa, bai koma matsayinsa na da ba sai 2013. A farkon 2020, lokacin annobar korona, ya faɗi da wajen kashi ɗaya cikin uku cikin mako biyar. Wanda tsoro ya kama ya sayar a ƙasa, asararsa ta tabbata. Wanda ya daure ya ci gaba da zubawa kowane wata, ya sayi kaya da araha. Saboda haka kuɗin da za a buƙata nan da shekara biyu ko uku ba na wannan kasuwa ba ne, kuma mai kusantar ajiye aiki yakan rage hannun jari, ya ƙara abin da bai cika tangaɗi ba.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne tara kome wuri ɗaya. Da kamfanin Enron ya durƙushe a 2001, ma'aikatansa da yawa da suka cika asusunsu na 401(k) da hannun jarin kamfanin sun rasa aiki da tsimi a lokaci guda.

Ga mai kiyaye sharuɗɗan addini, tun 1999 akwai ma'aunin Dow Jones na kasuwar Musulunci, wanda ke fitar da kamfanonin giya da caca da naman alade da bankunan riba, kuma akwai asusun da ke binsa. A yankinmu ma akwai kasuwar hannun jari, wato BRVM ta Abijan, wadda ta fara aiki a 1998 domin ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, kuma tana da nata ma'auni.

ABIN RIƘEWA

Shawarar da masana ke ba mai farawa a Amurka ba ta da wuyar ganewa. Ya rubuta duk wuraren da ya taɓa aiki, ya gano asusun kowane. Ya tambayi la'adar da ake cira a shekara, a ba shi amsa a rubuce. Ya tattara kuɗin wuri guda ta hanyar miƙawa kai tsaye. Ya zuba aƙalla abin da zai jawo masa ƙarin kamfani. Ya zaɓi asusu mai faɗi, mai araha, ya bar shi ya yi shekaru, ya guji duk mai yi masa alkawarin ninka kuɗi cikin wata shida.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ma'aikaci, ko a Amurka yake ko a ina, ya kamata ya san inda tsiminsa ke kwana, da wanda ke riƙe da mabuɗin, da abin da yake ɗiba kowace shekara a matsayin ladan tsaro.