Ƙanshin Furen Okid: Turare Ne Ko Magani?

A cikin tsirran da Allah ya halitta akwai wani babban dangi da Turawa su ke kira okid, wanda masana suka ƙididdige irinsa kimanin 28,000, galibinsu na daji. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce banila, 'yar asalin Meksiko, wadda mu ke jin ƙanshinta a biskit da alewa.

Abin mamaki, ɗanyen kwanson banila ba ya ƙanshi, gama sinadarin a ɗaure ya ke da sukari. A Madagaska sai an tsoma kwanson cikin ruwan zafi, an lulluɓe shi da bargo, an yi ta shanya shi har watanni, sa'an nan su rabu. A 1858 wani Bafaranshe, Gobley, ya ware sinadarin. Sunansa banilin, kuma kimanin kashi 2 ne cikin 100 na busasshen kwanso.

To, kowa ya san yadda man gyaɗa kan canja wari in ya daɗe a buɗe. Iskar oksijin ce ke ɓata shi. Banilin kuwa yana cikin dangin sinadaran fenol, waɗanda su kan rage wannan ɓarna. Masana kan gwada man okid haka: su ɗiga shi cikin wani ruwa mai launin shunayya, in launin ya koɗe sun san yana da wannan ƙarfi.

Amma fa, malamai, ku ja kunnen yaranku: abin da ya faru a kwalba daban, jikin mutum daban. Koɗewar launi ba ta isa a kira abu magani ba, ko da mai talla ya rantse. Har wa yau man da furen daji ke bayarwa ɗan mitsitsi ne, sai an tsinke furanni da yawa. Mun dai ga yadda tonon saiwar okid don wani abin sha, salep, ya rage ta a dazuzzukan Turkiyya. Tun 1975 akwai yarjejeniyar ƙasashen duniya, CITES, wadda ta sa ƙa'ida kan fataucin dangin okid duka.

Shi banilin ma, tun 1874 Jamusawa biyu, Tiemann da Haarmann, suka haɗa shi daga ruwan jikin itacen fir, kuma yawancin wanda a ke sayarwa yau daga sinadaran man fetur a ke yinsa.