Ƙaramar Tocila: Abokiyar Daren Uwargida

 

Abin da ya jawo zancenmu na yau wata wasiƙa ce da wata baiwar Allah ta aiko mana daga Sabuwa. Ta ce cikin dare ɗanta ya tashi da amai, maigida kuwa ya kwana a wajen sintiri da wayarsa. Ta fito cikin duhu tana lalube za ta ɗauko buta, kunama ta harbe ta a yatsa. Maimakon majinyaci ɗaya, sai gida ya wayi gari da biyu. To, 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Amma mu tambayi kanmu: a cikinmu mace nawa ce ke da tocilarta ta kanta, wadda ko ido rufe ta san inda take?

Wata za ta ce ai wayata na da fitila. Haka ne, amma waya cajinta na ƙarewa, kuma sau da yawa tana can shagon mai caji. Ran da lalura ta taso, ita ce za ki kira taimako da ita, bai kamata haske ya cinye mata batir ba. Wutar Nepa kuwa, ko da aka sake wa hukumar suna a 2005, aka kuma miƙa rabon wutar ga kamfanoni a 2013, har yau ɗaukewa ba ta sallama. Aci-bal-bal da fitilar ƙwai su ma ba a kai su kusa da gidan sauro, don gudun gobara.

Tunda yawancinmu ba mu fita kasuwa, aike muke yi, ga abubuwa huɗu da za ki faɗa wa maigida ko ɗan aike.

Na farko, girma. Ki nemi wadda za ta shige tafin hannunki, mai 'yar igiya da za ki rataya a wuyan hannu. Babbar tocila a kan sif take kwana, ƙarama ce ke bin ki banɗaki da madafi.

Na biyu, ƙwan. A samo mai ƙwai irin na yanzu da ake kira LED, mai farin haske. Ya fi tsohon ƙwai mai jan haske daɗewa, kuma ba ya shan batir sosai. Idan an ga kalmar lumen a jikin kwali, ma'aunin ƙarfin haske ke nan. Daga 50 zuwa 100 ya ishi ɗaki da tsakar gida. Kada manyan lambobin da ake bugawa a kwalin kayan araha su ruɗe ki. In an sami mai mataki biyu, ƙaramin haske da babba, ta fi, domin ƙaramin zai ba ki damar duba jariri ba tare da kin tashe shi ba.

Na uku, batir. In garinku ana samun wuta ko kuna da sola, mai caji ta fi sauƙin kuɗi. In kuwa ƙauye ne da caji ke wuya, a sayo mai cin batir na AA, wato irin na agogon bango, a haɗo da wasu na ajiya, a kuma duba ranar lalacewarsu.

Na huɗu, a gwada ta a gaban mai kaya, ko ɗan koli ne ko dillaliya. A kunna, a girgiza. In hasken yana ƙyaftawa, a mayar. A buɗe gidan batir a duba ko akwai tsatsa. Araha dai ba ta ado.

To an sayo, saura riƙo. Ki ba ta wuri ɗaya, ƙarƙashin matashinki, kuma kada ta zama abin wasan yara ko ta aro, zanen aro ba ya rufe katara. Kada ki haɗa sabon batir da tsoho. In za ta daɗe ba a kunna ba, ki cire batirin, don yana zubar da wani farin gari mai cin ƙarfe. Mai caji kuma kada a bar ta a rana ko kusa da murhu, in kin ga ta kumbura ki daina amfani da ita. Mataccen batir ba a jefa shi a wuta, yana iya fashewa.

Ga wani gargaɗi, iyaye mata, ku saurara da kyau. 'Yan ƙananan tocilolin da ake maƙalawa a makulli suna da batir kewayayye kamar maɓallin riga. In yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2 kacal. Kada a sa shi amai, kada a ce a jira ya yi kashi. Asibiti za a nufa nan take.

Yaushe za ki kunna? Duk lokacin da za ki sa ƙafa ko hannu inda ba ki gani. Yankinmu na Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara ƙasar noma ce. Da kaka masara ta shigo gida, ɓera ya biyo ta, maciji kuma ya biyo ɓera. Ki haska ƙasa taku biyu a gabanki, ki haska tarin itace da kara, da gindin rumbu, da cikin takalmin yara. Saran maciji ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. In tsautsayi ya afku, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A hana mutum yawan motsi, a garzaya asibiti.

Haka nan wajen ba yaro magani da dare. Kwalabe suna kama da juna. Ki haska, ki tabbatar da kwalbar da kuma ma'aunin kafin ki ɗura. Mai ciki kuwa, tun wata bakwai ki sa tocila da batir cikin kayan haihuwa, naƙuda ba ta duba agogo.

Sannan a halin tsaron da yankinmu ya sha fama da shi, a yi hattara. In kin ji motsin da ba ki yarda da shi ba, kada ki dalla haske waje ko saman katanga, don haske yana nuna inda mutum yake. Ki sunkuyar da ita ƙasa, ki tare bakinta da yatsunki, ki tattara yaranki a natse.

Uwargida, kuɗin 'yar tocilar nan bai kai na jinyar dare ɗaya ba. Ko daga cinikin ƙuli-ƙuli ko kuɗin adashi, a daure a ware. Yau kafin ki kwanta, ki kunna taki ki gani ko tana kamawa.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.