Numfashin Ƙwayar Halitta: Darasi Daga Buhun Wake

Duk manomin da ya taɓa ajiye wake a Saji, ko a wani ƙauye na ƙasar Rano da Kibiya, ya san takaicin da kan biyo bayan kaka. A ɗura wake fes a buhu cikin watan Nuwamba, kafin bazara a kwance bakinsa a tarar da huji ko'ina, gari a gindi, ƙwari na tashi. Abin da mai karatu zai yi mamaki shi ne, maganin wannan ɓarna yana cikin darasin da ɗalibanmu suka fi ƙosawa da shi a aji, wato yadda ƙwayar halitta ke fitar da ƙarfi daga sukarin da ake kira gulukos.

Tsutsar da ke cikin wake, kamar ni da kai, ba ta amfana da abinci sai ta narkar da shi, sitacinsa ya koma gulukos. A cikin ruwan ƙwayar halitta ake fara raba gulukos gida biyu. Wannan mataki ba ya bukatar iskar oksijin, amma ribarsa kaɗan ce: ATP biyu tak. Shi ATP tamkar kuɗin cefane ne, da shi ƙwayar halitta ke biyan kowane aiki, daga motsi har girma.

Babban aikin a cikin maitokondiriya yake. A nan ake ƙarasa farfasa ɓarin gulukos ta wani zagaye da Hans Krebs ya bayyana a Ingila a 1937, ana fitar da iskar kabon dayoksaid, ana tara haidurojin. Sa'an nan sai a miƙa ilektoron ɗin haidurojin daga wannan furotin zuwa wancan, kamar yadda magina ke miƙa wa juna tubali, kowace miƙawa na sakin ƙarfi kaɗan. Oksijin ce ke tsaye a ƙarshen layi, ta karɓa, ruwa ya samu. Jimilla gulukos guda na ba da ATP wajen 30 zuwa 32. Tsofaffin littattafanmu na cewa 38. Malamai su lura, an gyara wannan lissafi.

To, idan aka rasa mai karɓa a ƙarshen layi fa? Sai layin duka ya tsaya.

Wannan ita ce hikimar buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Larry Murdock, su suka ɓullo da shi tare da takwarorinsu na Afirka, kuma an yi gwaje-gwajensa da yawa a cibiyar INRAN ta Maraɗi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ce. Da zarar an ɗaure leda tam, ƙwarin da kansu za su shanye ɗan abin da ya rage, su daina ci, su daina yaɗuwa. A 2012 Murdock da abokan aikinsa suka nuna wani abu da ya fi ba ni sha'awa: tsutsar da ke zaune cikin busasshen wake, akasarin ruwan jikinta daga numfashi take samunsa. Saboda haka ƙishirwa na cikin abin da ke kashe ta.

Ƙwayar maganin da wasu ke jefawa cikin buhu kuwa, iskar fosfin take fitarwa, wadda ke lalata aikin maitokondiriya. Matsalar ita ce irin maitokondiriyar ƙwaro ce a jikin yaron da ke barci a ɗakin da aka jibge buhunan. A ganina bai kamata wannan magani ya kusanci ɗakin kwana ba ko kusa.

Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: a shanya wake ya bushe ƙayau, damshinsa kada ya haura kashi 13 cikin 100. Tsaba ma rayayya ce, tana numfashi, haka fumfuna. In da danshi, numfashinsu zai ƙaru, buhu ya ɗauki zafi da gumi, wake ya ruɓe ko da babu ƙwaro ko ɗaya a ciki.